Daga Kwari Zuwa Gwanzu: Yadda Ake Talla a Intanet da Ciniki da Wanda Ba Yarenku Ɗaya Ba

Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja a zamanin da, suna kai kanwa da baƙin saƙi da fatu suna dawowa da goro, yawancinsu ba sa jin yaren mutanen da suke ciniki da su, amma duk da haka fataucin ya yi ta tafiya shekaru aru-aru. Abin da ya riƙe shi shi ne maigida. Idan ayari ya sauka a Salaga, maigida ne yake ba baƙo masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta, sannan ya tsaya masa idan an kai ga ba da bashi. Wayar da take hannunka a yau tana iya kai hajarka Legas da Akara da Yamai kafin shayinka ya huce, tana kuma iya haɗa ka da mai masana'anta a ƙasar Sin, sai dai babu maigida a cikinta. Duk aikin da yake yi ya dawo wuyanka: kai za ka gabatar da kanka, kai za ka fassara, kai za ka nuna wa mutumin da bai taɓa ganin fuskarka ba dalilin da zai sa ya tura maka kuɗinsa ya kuma iya barci. Na shafe shekaru ina sayar da mayafai da yadudduka a wani ɗan shago a Kantin Kwari, fiye da rabin cinikina ta waya, kuma abin da zan faɗa a nan a can na koye shi, wani da daɗi, wani da asara.

Abin da ake shiryawa kafin a ɗora hoto

Ka fara da ware layin waya guda na kasuwanci kaɗai, ka buɗe masa manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa kuma kyauta ce. Ka cike sunan kasuwancin, da adireshin shago, da lokacin buɗewa da rufewa. Sunan da ka zaɓa shi za ka sa a Facebook da Instagram da TikTok ba tare da canza ko harafi ɗaya ba, domin wanda ya ji labarinka a bakin wani zai nemo ka ne da wannan sunan. Bayan haka ka yi masa rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ka buɗe asusun banki da shi. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan mataki a matsayin ɓata kuɗi, alhali shi ne abu na farko da mai saye na nesa yake dubawa. Matar da take Fatakwal ta ga shafi mai suna ɗaya, aka turo mata lambar asusu mai wani suna dabam, wai na ƙanin mai shago ne, ba za ta tsaya neman bayani ba, za ta rufe hirar ne ta nemi wani.

Hoto shi ne rumfarka, kuma yawancin rigimar da ake yi da masu saye daga nan take somawa. Ka ɗauki hoton kaya da hasken rana, da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa, a kan farin ƙyalle ko tabarma mai tsafta. Ƙwan lantarkin da yake cikin shago yana mayar da ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ya sa farar shadda ta yi kamar ruwan madara, kuma mai saye ba zai yarda cewa laifin fitila ne ba. Kada ka ɗauko hoton da masana'anta ta gyara ka ce naka ne. Gajeren bidiyo na daƙiƙa 20, inda aka warware yadin aka ɗaga shi aka murza shi da hannu, ya fi hotuna goma aiki, saboda a nan ne ake ganin kaurinsa da sheƙinsa da yadda yake zuba. Idan kayan yana da aibi, ka nuna aibin ka rage kuɗin. Addini ma haka ya umarta, ga shi kuma wanda ka nuna wa ɗan tabo da kanka shi ne yake dawowa ya sayi dila guda ba tare da ya nemi bidiyo ba.

Sai batun farashi, inda al'adarmu take cin karo da intanet. A kasuwa mun saba a ce wa mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a ja juna har a sallama, kuma wannan jan-in-ja wani ɓangare ne na daɗin cinikin. Da yawa daga cikinmu sun kwaso wannan ɗabi'a sun kawo ta shafukansu, sai su ɗora kaya babu farashi, duk wanda ya tambaya a ce ya biyo ta akwatin saƙo. A ganina wannan kuskure ne babba. Mai saye na Legas ko Abuja yana ɗaukar ɓoye farashi a matsayin alamar cewa za a yanka masa kuɗi gwargwadon hoton da yake kan shafinsa, kuma sau da yawa zargin nasa gaskiya ne. Ka rubuta farashin sari da na ɗai-ɗai, da yawan yadin, da ranar da ka sa farashin, tunda darajar naira ba ta zama wuri ɗaya ba tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Idan kana son ka bar wa Bahaushe ɗan wurin neman ragi, ka bar shi a cikin lissafinka, kaɗan, yadda wanda bai nemi ragi ba ba za a ce an cuce shi ba.

Inda ake baje hajar

Kowane dandali da irin mutanensa. WhatsApp na waɗanda suka riga suka san ka ne, kuma a nan ne ake ƙulla ciniki. Ka jera kayanka a kundin haja da manhajar ta tanada, kowanne da farashinsa, ka tanadi amsoshin da ake yawan nema, kamar lambar asusu da kuɗin aike, domin kada ka riƙa rubuta su sau hamsin a rana. Abin da ka ɗora a sitatus awa 24 yake yi, saboda haka hotuna biyar ko shida masu kyau sun isa, wanda ya jera arba'in a rana kuwa ɓoye shi ake yi. Jerin aika saƙo ga jama'a a lokaci guda yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, don haka ka saba da cewa duk wanda ya saya ya ajiye lambar. Abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwa su bari shi ne jefa mutane cikin zauren WhatsApp ba tare da izininsu ba. Ba ya kawo ciniki, yana jawo a kai ƙarar lambarka har a rufe ta.

Facebook ya fi tara magidanta da masu sari, Instagram na matan birni ne da masu neman kayan biki, TikTok kuwa yana iya kai bidiyonka ga dubban mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba, ko da mabiyanka ba su kai ɗari ba. Ba dole ba ne ka mamaye su duka. Ka zaɓi ɗaya inda masu sayen irin kayanka suka fi yawa, ka riƙe shi da kyau, kowane talla ya ƙare da hanyar da za ta kai mutum WhatsApp ɗinka.

Idan za ka biya kuɗin talla, ka fara da kaɗan kuma ka ƙayyade garin da kake nufi, da shekarun mutanen, da jinsinsu. Ka gwada hotuna biyu dabam na kwana uku ko huɗu, ka kashe wanda bai kawo komai ba. Ma'aunin kuma ba yawan waɗanda suka danna alamar so ba ne. A misali, ka kashe naira 10,000, mutum 40 suka yi maka magana, 4 suka saya, ribarka a kan kowanne naira 3,000: ka ci 12,000, ka fitar da kuɗin tallan da ɗan abin da ya saura, ga kuma lambobi 40 da za su ci gaba da ganin kayanka. Wannan lissafin ne za ka riƙa yi a littafi duk mako. Haka za ka auna 'yan fim da taurarin TikTok masu karɓar talla. Wani yana da mabiya miliyan, amma yawancinsu samari ne da suka zo dariya, ba masu sayen leshi ba, ita kuwa wata mai koyar da girki da mabiya dubu ashirin, duk matan aure, za ta iya kwashe maka kaya a kwana biyu. Sayen mabiyan bogi kuwa kamar cika rumfa da gumaka ne a ce kasuwa ta ci.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Telolin da suka san kansu suna rufe karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, saboda haka tallan yadin sallah a watan Sha'aban ake fara shi. A cikin azumi mutane sun fi riƙe waya bayan asham da lokacin sahur. Masu saye na kudu kuma kakarsu ƙarshen shekara ce, daga Nuwamba zuwa Kirsimeti, lokacin bukukuwa da anko. Ma'aikata a ƙarshen wata suke da kuɗi, ko a ina suke.

Game da karɓar kuɗi, doka ɗaya ce: kada ka saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Idan ka kai kaya tasha, ka ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai shi a rubuce, da lambar motar, da lambar direba, ka tura masa nan take, ka kuma faɗa masa tun kafin ya biya wanda zai ɗauki kuɗin mota da abin da za a yi idan kayan ya ɓace ko bai yi masa ba.

Maganar da take nufin abu biyu

Da zarar cinikinka ya tsallaka Kwara, ko ya ƙetare iyaka, za ka tarar cewa abin da yake nuna mutunci a wajenka ba lalle ya nuna shi a wajen wani ba. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, a tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa kafin a shiga magana, kuma wanda ya faɗo kai tsaye da tambayar farashi muna ganin ba shi da tarbiyya. Ma'aikaciyar banki a Legas da ta rubuto maka kalma uku ba raini take yi ba, sauri take yi, kuma idan ka amsa mata da gaisuwa layi biyar kafin farashin, tana iya ɗauka kana jan lokaci ne. Ka gaishe ta a layi ɗaya, ka ba ta amsa a layi na biyu. Dattijon Bayarabe kuwa yana son girmamawa ƙwarai, kada ka kira shi da sunansa kai tsaye, kuma idan Inyamuri ya gabatar da kansa da sarauta ko muƙami, ka riƙe masa shi a duk saƙonninka.

Saƙon murya babbar ni'ima ce ga masu sayenmu da ba su yi nisa a boko ba, kuma ni kaina da shi na fi yin ciniki da mutanen Maraɗi da Damagaram. Amma duk yadda kuka yi magana da murya, ka rufe da rubutu: kaya kaza, launi kaza, guda kaza, kuɗi kaza, za a tura ranar kaza. Ranar da gardama ta tashi, babu mai haƙurin sauraron saƙonni talatin don gano wanda ya faɗi me.

Akwai kuma kalmar da ya kamata a yi hattara da ita, wato in sha Allahu. A bakin mumini alkawari ne da aka jingina ga ikon Allah, amma 'yan kasuwarmu sun yi ta amfani da ita wajen kauce wa faɗin rana, har abokan cinikin da ba Musulmi ba suka fahimce ta a matsayin wataƙila. Ka faɗe ta, amma ka haɗa ta da rana da lokaci: zan kai tasha ranar Talata kafin azahar, in sha Allahu. Haka ma gobe da jibi da nan ba da jimawa ba, duk ka mayar da su kwanan wata. Ka kuma sanar a shafinka cewa ranar Juma'a kana rufewa daga ƙarfe 12 zuwa 3, domin wanda bai san tsarin garinku ba kada ya zaci ka gudu da kuɗinsa.

Lambobi ma suna da yare. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda aka gaji tsarin Faransanci, 1.500 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, 1,5 kuma ɗaya da rabi. Ga kuma lissafin dala da jaka a Nijar, inda dala ɗaya take nufin sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000, don haka idan mutumin Maraɗi ya ce maka ɗari, ka tambaye shi ɗari na me. Sefa tana ɗaure da kuɗin yuro a kan kusan sefa 656 a yuro ɗaya, shi ya sa ba ta rawa irin ta naira, kuma wanda zai sa wa kayansa farashi da sefa ya kamata ya duba canjin ranar a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kafin ya yi magana. Ba'amurke idan ya rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris, kai kuma za ka karanta 3 ga Afrilu, saboda haka ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa. Mu da yadi muke awo, masana'antun Turai da Sin da mita, kuma yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, bambancin da yake zama babba a kan dila.

A Gana, 'yan'uwanmu na zango a Nima da Kumasi su ne maigidanka na zamani, kuma mafi yawan biyan kuɗi a can ta asusun waya ake yi. Sai dai ka sani cewa dokar zuba jari ta ƙasar ta 2013 ta keɓe sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwanni ga 'yan ƙasa, kuma wannan ya sha jawo rufe shagunan 'yan Najeriya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka sayar da sari ga ɗan ƙasa da ka yarda da shi, shi ya sayar a can. Masu son aika kaya Turai da Amurka ga 'yan'uwa mazauna can kuma su fara tambayar abin da aka yarda ya shiga. Kilishi da dambun nama, duk daɗinsu, ƙwace su ake yi a filin jirgi saboda dokar hana shigar da nama, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Hula da takalmin fata da turaren wuta da ɗinkakkun kaya sun fi sauƙin wucewa, kuma wanda zai mayar da fitar da kaya sana'a sai ya yi rajista da hukumar NEPC mai kula da bunƙasa fitar da kaya waje.

Ciniki da Sinawa

A nan ne kuɗi masu nauyi suke tafiya, don haka zan ɗan daɗe. Mafi yawan masu sari na Kwari da Wambai sun san birnin Guangzhou, wanda muke kira Gwanzu, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara, a watannin Afrilu da Oktoba, tun 1957, da kuma Yiwu, garin ƙananan kayayyaki. Yanzu ba sai ka je ba. Shafin Alibaba an yi shi ne domin masu saye na waje, yana da tsarin riƙe kuɗi a tsakani da hanyar kai ƙara idan kaya ya saɓa wa yarjejeniya. Shafin 1688 kuwa na cikin gida ne, da Sinanci yake, ya fi araha, amma kusan dole ka sami wakili a can wanda zai biya ya karɓi kayan ya duba. Hira kuma a WeChat ake yin ta, manhajar da Sinawa suke amfani da ita a madadin WhatsApp. Sun riga mu da awa 7, wato ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 4 na yamma ne a wajensu, saboda haka wanda yake son amsa a ranar ya rubuta da ya idar da sallar asuba.

Shekarun baya na yi odar mayafai 2,000 daga wata masana'anta da na samu ta intanet. Na tura hoto, na rubuta launukan da nake so, manhajar fassara ta juya, mutumin ya ce babu matsala. Daga nan na shiga jan farashi irin na Kwari, ina ragewa yana amincewa, har na kai shi inda na ji a raina cewa na yi gwaninta. Na biya kuɗin gaba ɗaya saboda ina sauri kayan su riski sallah. Ranar da aka buɗe kwalin farko a sito, yaron shagona ya ɗaga mayafi ɗaya ya duba ta cikinsa, sai ga fuskarsa ina gani sarai kamar ta bayan gidan sauro. Ruwan ƙasan da na nema kuma ya zo kamar ruwan goro. Babu macen da za ta yafa wannan ta fita unguwa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, Basine ba ya son ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri. Idan ka matse farashi ya wuce inda zai ci riba, sau da yawa ba zai ce albarka ba kamar yadda mu muke yi, zai karɓa ne ya yi maka kaya daidai kuɗinka, ya rage zare, ya rage kauri. Kalmar to a bakinsa tana iya nufin na ji ka kawai. Laifin farko nawa ne, domin na yi cinikin biri a sama.

Ga yadda ake kauce wa irin wannan. Ka nemi samfur, ka biya kuɗinsa da kuɗin jirginsa ba tare da ƙorafi ba, idan ya iso kuma ya yi maka, ka yanka shi biyu, ka riƙe rabi, ka mayar da rabi ga wakilinka a matsayin ma'auni. Ka rubuta komai da lamba: nauyin yadin a kowace murabba'in mita giram nawa ne, faɗi da tsawo santimita nawa, kwali ɗaya guda nawa zai ci, launi kuma da lambar katin launi, ba da suna ba, tunda ruwan ƙasa a Kano ba shi ne ruwan ƙasa a Gwanzu ba. Turancin da za ka rubuta ya zama gajerun jimloli, tambaya ɗaya a saƙo ɗaya, babu karin magana, domin shi ma ta manhaja yake karantawa. Maimakon ka tambaye shi ko ya gane, ka ce ya maimaita maka abin da zai yi. Abin da aka saba shi ne a biya kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran 70 bayan an gama kayan an duba su, kuma kada ka saki cikon sai wakilinka ya buɗe kwalaye daga tsakiya, ba waɗanda aka ajiye masa a gaba ba, ya gwada su da samfurin. Ka nemi hoton lasisin kamfanin, ka tabbata sunan da yake kansa shi ne a kan asusun da za ka biya. Idan ana tsakiyar ciniki aka turo maka saƙo cewa an canza asusu, kada ka tura ko kwabo sai kun yi magana ta bidiyo, domin wannan tsohuwar dabarar 'yan damfara ce da suke kutsawa cikin imel.

Ka kuma tambayi abin da farashin ya ƙunsa. EXW na nufin kayan yana ƙofar masana'anta, duk abin da ya biyo baya naka ne. FOB na nufin shi zai kai kayan har cikin jirgin ruwa a tashar ƙasarsa. Jirgin ruwa da girman kaya ake biyansa, kwali mai santimita 60 da 40 da 50 ya kama 0.12 na kubik mita, jirgin sama kuma da kilo, sai dai kaya mai girma marar nauyi ana yi masa lissafin girma. Ƙaramin ɗan kasuwa ya fi samun sauƙi wajen 'yan kago masu haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya su yi fito su kawo har Kano, wanda zai ɗauki kwantena tasa kuwa sai ya buɗe Form M, takardar neman shigo da kaya, ta bankinsa kafin a loda kayan, ya kuma nemi takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya idan kayan yana cikin waɗanda ake nema wa ita. Ta ruwa ka ƙiyasta wata biyu ko fiye kafin kaya ya shigo sitonka. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu suna rufewa na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu ma ba sa dawowa, ga kuma hutun mako guda daga 1 ga Oktoba. A 'yan shekarun nan da azumi yake zuwa daf da hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda bai ba da odar kayan sallah tun Oktoba ko Nuwamba ba zai karɓi kayansa bayan an sauko daga idi.

Idan Allah ya kai ka can, za a gayyace ka cin abinci, kuma a wajensu a kan teburin ne ake sanin juna, don haka kada ka ƙi. Ka faɗa tun da wuri cewa ba ka cin alade ba ka shan giya, za su kai ka gidan abincin Musulmi, waɗanda suke da yawa a unguwar Xiaobei ta Gwanzu, ka ɗaga kofin shayi lokacin da suke ɗaga nasu. Ka karɓi katin mutum da hannu biyu, ka duba shi kafin ka ajiye. Idan mace ce shugabar sashen ciniki, kuma sau da yawa mata ne, ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai da fara'a tun kafin ta miƙo hannu, sai abin ya wuce babu wanda ya ji kunya. Tsarabar hula ko jakar fata tana faranta musu, amma ban da agogo, wanda suke dangantawa da jana'iza, ban da kuma abu guda huɗu, saboda furucin huɗu a harshensu ya yi kama da na mutuwa.

Babban abin da suke kiyayewa shi ne fuska, abin da mu za mu kira mutunci a idon jama'a, kuma a nan na tafka kuskurena na biyu. Da na ga mayafan, sai na shiga zauren WeChat da muke ciki da mutumin da maigidansa da wakilin jigila, na zazzaga masa masifa, na kira shi macuci. Aka yi kwana tara babu wanda ya ce mini uffan. Wani dattijo a layinmu, wanda ya fara zuwa Sin tun ina makarantar allo, ya saurari labarin ya ce, "Alhaji, ka tsinka shi a gaban ubangidansa, da wace fuska zai amsa maka? Ko a nan Kwari aka yi maka haka, ai ba za ka sake kallon mutum ba." Ya sa na rubuta wa mutumin shi kaɗai, na ajiye hoton da na tura da farko kusa da hoton abin da ya iso, na ɗora mayafin a kan sikeli na ɗauki nauyinsa, na ce masa ina da niyyar ci gaba da saye a wajensa, ina kuma neman shawararsa a kan yadda za mu gyara wannan.

Washegari da asuba amsa ta zo. Bai ce ya yi laifi ba, kuma dattijon ya riga ya gargaɗe ni kada in jira hakan. Ya ce wataƙila an sami rashin fahimta a sashen rini, zai cire mini wani kaso daga kuɗin oda ta gaba, zai kuma aiko da samfur uku masu kauri dabam-dabam kyauta in zaɓa. Mayafan farko na karyar da su ga masu sari na ƙauye a ƙasa da kuɗin da na saye su, na kuma rubuta a tallan cewa shara-shara ne. A cikin samfur ukun na zaɓi na tsakiya, na yanke shi biyu, rabin yana nan maƙale da fil a shafin farko na littafin odata, an rubuta nauyinsa da lambar launinsa a ƙasa da jan biro.